Maɓallin da Ya Ci Wuridin Alhaji

Ni dai a Guangzhou na koyi zargi. Mutum zai miƙo maka wandon jins a Xintang yana rantsuwa irin samfurin ne, amma sai ka juya cikinsa ka ja ɗinkin tukuna. Aikina ke nan, ina yi wa 'yan kasuwar Kano sari ina tura musu. Ranar da babu fita kuma sai in baje wayoyi da dalma a teburin ɗakinmu, ina harhaɗa 'yan kayan lantarki don jin daɗin kaina.

Abokin zamana a lokacin wani dattijo ne ɗan Maraɗi, mai sarin tufafi a kasuwar Canaan. Wata rana a turereniyar fitowa daga jirgin ƙasa kusa da titin Guangyuan Xilu, carbinsa ya maƙale a jakar wani ya tsinke, 'ya'yan suka bi ƙafafun mutane. Yana da wuridin da shehinsa ya ba shi, mai adadi sananne, safe da yamma, kuma ba ya wasa da shi. Na hana shi sayen wani, na ce ga ni. Na haɗa masa carbin lantarki: 'yar ƙwaƙwalwa da ba ta fi akaifa ba, ƙaramin allo mai nuna lamba, da maɓalli guda. Ka danna, ta ƙara ɗaya. Ya karɓa da yatsu biyu yana harararsa.

An kwana biyu yana amfani da shi, sai wata safiya ya ce, “Ɗan Kano, abin ga naka da magana. Da can shayi sanyi yakai kahin in ƙare. Yanzu ina ƙarewa ruwa bai ko tahwasa ba.”

Na karɓa na danna a hankali, na ga lamba tana tafiya daidai. Raina ya ɗan sosu, don ba na son a raina mini aiki. Na ce, “Alhaji, anya ba hannunka ne yake rawa ba?”

Ya dubi babban yatsansa ya daɗe. “Hannun ga yana riƙe da carbi tun ba a haihe ka ba. Danna kana bi na.”

Ya fara salati yana ƙirgawa da gaɓoɓin yatsu, ni ina dannawa. Kafin ya gama hannu ɗaya allon ya wuce shi fintinkau. Kuma a hannuna abin yake.

Sai zargina ya koma kan matar da ta sayar mini da maɓallan. Na je rumfarta da fushina na kira ta yadda ake kiran mai shago a can, na ce, “Lawban, ruɓaɓɓu kika ba ni.” Ta ce, “Meyo, meyo,” wai babu wannan zance, ta ɗebo wasu ta zube mini. Na lura daga wani aljihun tebur daban ta ɗebo su, na ce a raina da walakin. Na dawo na sa sabo, bai canja zani ba. Na zargi batir, na zargi dalmar, har ƙwaƙwalwar na fara yi wa kallon jabu.

Da abin ya ishe ni na fasa maɓalli ɗaya da reza. Wani ɗan faifan ƙarfe ne a ciki. Na bi zaurukan masu irin sha'awata a waya, ashe kowa ya sha wannan. Idan ka danna, faifan ba ya zama lokaci guda, sai ya taɓa ya saki ya sake taɓawa, kamar murfin kwano in ya faɗi ƙasa. Yatsa ba ya ji, amma ƙwaƙwalwar tana da saurin da kowace taɓawa sai ta ƙirga ta. Duk maɓalli haka yake, mai tsada da mai araha. Na ƙara mata umarni cewa in ta ji taɓawar farko ta toshe kunne na ƙiftawar ido, na kuma liƙa ƙaramar kafasita mai shanye tsalle-tsallen wuta a gefen maɓallin. Abin ya daidaita sarai.

Na kai wa Alhaji ina murna, na yi masa bayani dalla-dalla. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, “Na jiya. To kwanakkin da sunka wuce, nawa ya ci mini?”

Na ce wallahi ba za a sani ba. Wata dannawar ta yi ƙarin biyu, wata uku, wata ko ƙarin ɗaya ba ta yi ba.

Ya ce, “Tunda ba a sani ba, duka ke nan.”

Na ji tausayinsa, na ce ai da niyya ake dubawa. Ya ce wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne, ba da ni ba.

Satin nan kaya sababbi suka shigo Canaan, 'yan Maraɗi suna ta kiran wayarsa. Ina fita da safe in bar shi a kan darduma yana ramuwa da yatsunsa, in dawo da la'asar in same shi inda na bar shi.