Ranar da Aka Mayar da Katsinanci Cuta

Abubuwa da yawa sun same ni a wannan aiki nawa na gyaran magana, mafi yawansu kuma sun shuɗe daga raina, amma bitar da aka yi mana a Jibiya ba za ta taɓa shuɗewa ba. Shekaru sun ja, na halarci tarurruka barkatai bayanta, amma har yau ina tuna ta kamar jiya aka yi ta.

Aikina shi ne taimaka wa wanda magana ta gagara: yaron da ya makara bai fara ba, da mai in'ina, da babban da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya ƙwace wa harshe. Mu masu wannan aiki a jiharmu ba mu da yawa, kayan aiki kuwa sai dai a ce babu. Ni dai da hotunan da nake yankowa daga tsofaffin kalanda da littattafan firamare nake lallaɓawa. Saboda haka da shugabar sashenmu ta ce wata ƙungiya za ta shirya mana bita a Magama ta Jibiya, dab da bakin iyaka, za a haɗa mu da takwarorinmu na Maraɗi, za a kawo ƙwararre daga Abuja da kayan aiki na zamani, murna kamar ta kashe ni. Har ɗinki na yi, don ku ji inda wautar zumuɗi ta kai ni.

A lokacin ina da wani majinyaci da nake zuwa dubawa a Jibiya duk ranar kasuwa. Dattijo ne, asalinsa mutumin Farfaru, Baba nake kiransa. Rayuwarsa duka a tasha ya yi ta yana kamasho, shi ke kiran fasinjojin Maraɗi, an ce in ya ɗaga murya har masu shayi na tsallaken titi sai sun juyo. Da muryar nan ya ci, da ita ya aurar da 'ya'ya. Rana ɗaya ya faɗi bayan sallar azahar, ya tashi hannun dama ba ya motsi, bakinsa ya karkace, kuma kalmomi biyu kacal suka rage masa: "to" da "Allah". Ni da matarsa muka yi watanni muna fama da shi. Mace ce mai haƙurin da ban cika ganin irinsa ba, duk abin da na nuna mata sai ta maimaita masa safe da yamma. Sannu a hankali sunayen 'ya'yansa suka dawo, sannan gaisuwa, sannan sunayen abubuwan gida. Ranar da ya ce a ba shi fura da bakinsa, matar nan kuka ta yi.

Masu shirya bitar suka aiko cewa suna son majinyaci ɗaya da ƙwararren zai nuna mana aiki a kansa, shugabata ta ce Baba ne mafi kusa. Na je na yi masa bayani dalla-dalla, ya gyaɗa kai da fara'a. Matarsa ta ce ai daɗi ya ji, wai ko ba komai wasu za su ƙaru da shi. Ta wanke masa babbar rigarsa ta kai wa mai guga.

Ranar taro tun daga ƙofa na fara shan jinin jikina. An kafa wani ƙaton allo da hoton ƙwararren ya harɗe hannu a ƙirji, sunansa da jerin digirorinsa sun cinye rabin wurin, sunan abin da ya tara mu kuwa sai ka matsa kusa za ka iya karantawa. An ce da hantsi za a fara. Muka zauna jiran manyan baƙi. Da suka iso aka shiga jawabai, kowa ya tashi sai ya gaida duk wanda na gabansa ya riga ya gaida, ya ce ba zai tsawaita ba, sannan ya tsawaita. Babu ɗaya a cikinsu da ya san mene ne aikinmu; wani har yaba mana ya yi a kan ƙoƙarin da muke yi wajen koyar da kurame ɗinki. Duk wannan lokaci Baba na zaune a benci a waje cikin rigarsa mai guga, matarsa na yi masa fifita.

Sai bayan azahar Dakta, wato ƙwararren, ya hau. Bahaushe ne a haihuwa, amma a can nesa ya tashi ya yi karatu, Hausarsa irin ta wanda ya haddace ce, ba ta wanda ya sha a nono ba. Yana sanye da kwat cikin zafin nan na bazara, gumi na bin wuyansa. Ya haska mana hotunan ƙwaƙwalwa a bango, ya yi ta zuba Turanci. Baƙinmu na Nijar da Faransanci suka yi karatu, sai suka zuba masa ido kawai. Tafintan da aka ɗauko ya yi iya yinsa, daga baya ya koma cewa, "Dakta dai yana ƙara bayani ne."

Daga nan aka buɗe akwatin kayan aikin da aka yi ta yi mana albishir da shi. Katuna ne masu sheƙi, an buga su da kyau ba laifi. A ciki akwai mutum yana sulu a kan dusar ƙanƙara, akwai kare sanye da riga, akwai wasu 'ya'yan itatuwa da ni kaina ban san sunansu ba. Akwai kuma kwamfutar hannu guda ɗaya tak, manhajar cikinta Turanci kawai take ji, kuma ba ta aiki sai da intanet, a wurin da wayarka ma ba ta san ko a Najeriya take ko a Nijar ba. Aka zagaya da ita muka taɓa, mai hoto ya ɗauke mu muna taɓawa, aka mayar da ita cikin akwati.

Sai aka ce a shigo da majinyaci. Aka zaunar da Baba a kujera a gaban jama'a. Dakta bai tsaya ya gaishe shi kamar yadda ake gaida dattijo ba, bai tambayi matarsa komai ba, bai tambaye ni daga ina muka faro ba. Ya tsinci katunan da yake ganin za su yi, ya ɗaga na farko, hoton kifi. Baba ya dube shi, ya tattara ƙarfinsa, ya ce, "Kihi." Aka ɗaga fitila, ya ce, "Hitila." Aka ɗaga babbar mota, fuskarsa ta washe, don wannan gidansa ne, ya ce, "Kamyo." Dakta ya tambaye shi sunan garinsu, ya ce, "Hwarhwaru."

Ni a inda nake zaune zuciyata fari fat. Kalma bayan kalma, a gaban baƙi, ba gargada, mutumin da watannin baya ba ya iya kiran sunan ɗansa. Na juya na kalli matarsa, ita ma ni take kallo tana murmushi.

Dakta ya juyo gare mu da fuskar wanda ya tsinci abin da yake nema. Ya ce mun dai ji da kunnenmu: ciwon ya lalata wa wannan majinyaci harafin "f" gaba ɗaya, duk inda ya zo sai ya musanya shi. Ita kuwa "kamyo", in ji shi, ba kalma ba ce, ƙwaƙwalwar da ta samu rauni ce take ƙirƙiro surutai marasa ma'ana, har ya faɗi sunan abin da Turanci ya ce mu rubuta. Wallahi na ga mutane sun duƙa suna rubutawa, cikinsu har da 'yan Katsina waɗanda kakanninsu ba su taɓa cewa komai ba sai "kihi".

Bai tsaya nan ba, ya ce zai nuna mana yadda ake gyarawa. Ya sa Baba ya ɗora haƙoransa na sama a kan leɓen ƙasa ya hura iska, irin "f" ɗin Bature, wadda ko Bakano ba haka yake yin ta ba. Da ma gefen bakin Baba na dama bai gama yin ƙarfi ba. Ya gwada, iska ta kuɓuce, yawu ya zubo masa a kan rigar nan mai guga. Dakta ya ce a sake. Ya sake. Wayoyi suka tashi sama ana ɗauka, wani a baya ya yi dariya ya mayar da ita tari.

Na ɗaga hannu, ban jira an ba ni dama ba na miƙe. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ciwo ba ne. Haka ake magana a nan. Kafin ya kwanta ma haka yake faɗi." Shugaban taro ya ce Malama ta yi haƙuri, akwai lokacin tambayoyi a ƙarshe. Kafin in zauna wata mata daga cikin baƙin Maraɗi ta tashi, babba ce, ta girme ni nesa, ita ma wannan aikin take yi a can. Ta ce da Dakta cikin natsuwa, su ma duk haka suke faɗi, kamyo kuwa babbar mota ce, kowane yaro a tasha ya san ta. Tana maganar ne da irin harshen Baba sak, "hwa" ɗinta na fita raɗau.

Na ɗauka zai ji kunya. Ina! Ya saurare ta yana gyaɗa kai, sannan ya ce wannan abu ne mai ban sha'awa ƙwarai, domin ya nuna matsalar ta yaɗu a yankin fiye da yadda ake zato, har ta kama ma'aikatan lafiya, kuma lalle akwai buƙatar a dawo a yi zagaye na biyu. Aka tafa masa. Manyan baƙi suka fi kowa tafi.

Matar Baba ce ta hau wurin ba tare da an kira ta ba. Ta sa bakin mayafinta ta goge masa haɓa, ta kama hannunsa mai lafiya ta tashe shi. Ba wanda ya kula da fitarsu, don an fara raba takardun shaida, ana sauri a ɗauki hoto a kama hanyar Katsina kafin la'asar ta yi sanyi. Lokacin tambayoyin bai zo ba har yau.

Ranar kasuwa ta gaba na iske Baba ya juya fuska bango. Na gaishe shi, ya ɗaga mini hannu. Matarsa ta ja ni gefe ta ce tun da suka dawo magana ɗaya ya yi mata, ya ce ashe duk abin da yake faɗi ba daidai ba ne, lallashinsa kawai muke yi. Daga nan ya rufe baki, ko ruwa yake so sai ya nuna randa. Wani kuma ya kai bidiyon da aka ɗauka tasha, yaran da ya koya wa aiki sun gani. Aikin watanni ya rushe a zama ɗaya, kuma wanda ya rusa shi yana can yana karɓar godiya. Na yi ta zuwa ina komawa, na kawo hotunana, na yi rantsuwa cewa maganarsa daidai take, Baba ko kallona ba ya yi.

Abu ɗaya na amfana da shi a taron nan, shi ma a bakin ƙofa na same shi ba a cikin ɗaki ba: lambar wayar matar nan ta Maraɗi. Na kira ta na faɗa mata halin da ake ciki. Ta ce in jira ta ranar kasuwa. Ta ƙetaro da kanta, ba wanda ya aiko ta, muka zauna a tsakar gidan Baba a kan tabarma. Ba ta nuna masa kati ba, ba ta ce ya faɗi komai ba, kai ba ta ma kalle shi sosai ba. Hira ta kama da matarsa a kan hanya da direbobi da wahalar shingaye. Can sai ta ce ai ita yanzu in ta tashi komawa, Maraɗi za ta fara isa, sannan ta wuce Ɗan Isa. Na ga kafaɗar Baba ta motsa. Ta sake maimaitawa, har tana ƙarawa da cewa kowa ya san haka hanyar take. Baba ya juyo, ransa a ɓace, ya ce, "A'a. Ɗan Isa... tukuna."

Ta ce, "Ashe? To Malam, gyara mini, daga nan sai ina?"

Ya jero mata garuruwan hanya ɗaya bayan ɗaya, yana tsayawa yana nishi, har ya kai ta tashar Maraɗi. Matarsa ta tashi ta shige ɗaki don kada ya ga idonta.

Daga ranar ni da matar nan ta Maraɗi muka zama abokan aiki. Mukan zaga kasuwa da waya mu ɗauki hoton abin da mutanenmu suka sani, tulu da daddawa da amalanke da buhun gero, mu naɗi muryoyin tsofaffi suna faɗin sunayensu yadda ake faɗi a nan, ta aiko mini nata in aika mata nawa. Abin da na koya a wurinta a kan tabarma ya fi duk wanda aka taɓa haska mini a bango. Baba bai koma tasha ba, muryar kiran fasinja ba ta dawo ba, ɗansa ne ya gaje shi. Amma ya koma gaisawa da mutane a ƙofar masallaci, yana yi wa jikoki faɗa, yana gardama da matarsa a kan gishirin miya. Baƙo dai in ya shigo da takarda a hannu, shiru Baba yake yi har ya fita, wannan tabon bai goge ba har Allah ya karɓi abinsa.

Abin da wannan rana ta koya mini shi ne, ba a gyara wa mutum magana sai an san yadda uwarsa ta koya masa ita. Yanzu duk wanda aka kawo mini, kafin in ce ya buɗe baki sai na zauna na saurari mutanen gidansa tukuna. Bita kuwa ina zuwa, don ba na ƙin ƙaruwa, in zauna in saurara, in an tafa in tafa. Amma duk wanda ya aiko yana neman majinyacin da za a ɗora a kujera a gaban jama'a, komai tsawon digirorinsa, amsa ɗaya nake ba shi: ya zo gidan majinyacin ya cire takalmi ya gaida mai gida, in an ba shi tabarma sai mu fara.