Tabarmar Baƙona

Sana'ata saukar da baƙi ce, ita na gada. Boko kuwa aji biyu na yi, malam ya ce kaina ya fi dacewa da ɗaukar kaya, ban musa mishi ba.

A nan Bagudo, idan ɗan kasuwa ya ƙetaro daga Benin, gidan mai masaukinsa yake sauka. Kai za ka ba shi ruwa da tuwo, ka tsare mishi kaya, ka kai shi wurin masu saye. Shi kuma sai ya bar tabarmarsa a ɗakinka. Muddin tana nan, naka ne, ko wa ya yi mishi daɗin baki. Ranar da ya naɗe ta ya tafi da ita, to kun rabu.

Ba zan ce ni waliyyi ba ne. Ina saurayi na taɓa janye baƙon maƙwabcinmu da gasasshen kifi. Da babana ya ji, ya ɗora min buhun mutumin a ka, na mai da shi da rana tsaka, 'yan unguwa na dariya.

Cikin baƙina akwai wani dattijo daga Dandawan ƙetare, mai kawo doya ya koma da albasa. Tun ina da haƙoran gaba yake sauka wurina. Da ƙafa ta gaza mishi, ɗansa ya karɓi fataucin. Shi wannan a waya yake gama cinikinsa tun bai iso iyaka ba, wanda ya fi tayi shi ne nasa. Kasuwa uku ya zo ya koma, a bakin mutane nake ji.

Ran nan sai ga shi a ƙofar gidana bisa mashin, ko kashe shi bai yi ba.

"Baba, tsoho ya ce in ɗauko mishi tabarmarsa."

"Sannu da zuwa dai, tunda kai gaisuwa tsada take maka. Ka san mi kake tambaya?"

"Tabarma mana. Ko ta tsufa ne? In sayo mishi sabuwa."

"Ɗan nema, ko ubanka bai tsufa kamarta ba. Tafi, ni zan kai."

Na ce in rabuwa ce, daga bakin mai ita zan ji. Kashegari na naɗe ta, na hau motar kasuwa na ƙetara. Har na tsara maganganun da zan gasa mishi.

Na iske tsohon a zaure, ya rame, idanu sun yi fari. Da murya ya gane ni. Ya shafa tabarmar, ya shinshina.

"Mai gidana, albasarka har nan."

"Laifin mi na yi maka?"

"Ba ka yi ba. Ni na gama tafiya, yaron nan kuma ba ya zaunuwa, na yi faɗa har na gaji. Na san halinka, in tana nan ba za ka ba kowa ɗakin ba. Kana da iyali. Ka sauki wani."

Duk maganganun da na tsara sunka watse. Abin da na iya cewa kawai, doyarsa ta ƙarshe duk ruɓa ce. Ya ce ƙarya nake, munka yi dariya har ya sarƙe.

Na dawo gida hannu sake. Baƙi biyu sun nemi ɗakin, na ce rufin na yoyo. Matata ta ce to bari ta zuba shinkafarta a ciki, tunda ita ba ta ga yoyon ba. Na ce ta dakata sai bayan damina. Damina ta biyu ke nan tana dakatawa.