Rumbun Ɗantsoho

A ƙauyukan da ke tsakanin Zango da Baure, duk rumbun da ka ga ya haura shekara ashirin bai tsage ba, to hannun Ɗantsoho ne. Tun yana saurayi yake kwaɓa laka da ciyawa, ya kafa gindi a kan duwatsu, ya riƙa tayar da bango kaɗan-kaɗan yana jiran rana ta busar. Mutum ne mai taurin kai da son yabo, amma aikinsa ya ci a yaba. Nasa rumbun ya fi na kowa girma, kuma shekara talatin matarsa Kulu ba ta taɓa leƙa cikinsa ba. Maigida ke hawa ya sauko da dami, mace ta sussuka.

Sai zamani ya juya masa baya. Manyan motoci suka fara shigowa tun gero bai gama bushewa ba, a loda a tsallaka iyaka da shi, ko a yi kudu. Wanda ya sayar a bakin gona, me zai yi da rumbu? Aiki ya ɗauke. Ɗantsoho ya yi ta caccakar mutane a majalisa, yana cewa wata rana buhu za su dafa su ci, har bakinsa ya gaji ya yi shiru.

Bara shi ma ya bi sahu, kuma a ɓoye. Dillalai sun rantse cewa ƙasashen waje riɗi suke nema ido rufe, wanda ya noma shi sai ya sayi gero ya yi kyauta. Ya cika babbar gonarsa ta nesa da riɗi, ya bar wa gero ɗan gefe. Da kaka ta yi, dillalan suka ce masu sayen sun janye, a dakata tukuna. Ranar da Kulu ta tafi biki, ya jibge buhunan a cikin rumbu, ya jera 'yan dammunan geronsa a sama, ya rufe. Abin ya ci masa rai ƙwarai, don ko abokan majalisa bai iya faɗa wa ba.

Dami na ƙarshe ya ƙare cikin bazara, makon da 'yarsu Raihana ta zo gida wankan jego da ɗanta na fari. Ya kai mudun riɗi kasuwar Baure, ba wanda ya taya. Geron da ya rage a kasuwar kuwa, jin farashinsa kawai ya sa ya juyo.

Da safe Kulu ta ce, "Malam, a sauko mana da dami. Mai jego kunun kanwa take jira."

Ya hau tsani da gwiwoyinsa masu ciwo, ya buɗe, ya daɗe yana kallon buhuna. Ya sauko hannu wofi.

"Kulu, babu."

"Ai na sani tun kaka, Malam. Kowane dami ka miƙo mini, ƙamshin riɗi yake yi."

Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta shiga ɗakinsa, ya bi bayanta, ta ɗaga kai. Can a rataye zangarniyoyin da ya zaɓa ɗaya bayan ɗaya suke, irin geron da ya gada wurin mahaifinsa, wanda yake jiran ruwan farko ya shuka.

"Kulu, iri ne fa."

"Yarinyar nan tun jiya ruwan nononta ya ja baya."

Jaririn ya tsala kuka daga ɗakin Kulu. Ɗantsoho ya miƙa hannu ya kwance igiyar da kansa, don ita ba za ta kai ba. Sannan ya koma ya zauna a inuwar rumbun, yana jin tana daka, hadari kuma yana haɗuwa a gabas.