Ƙwayar da Ba a Wankewa

Juwairiyya ta Akurba kantun riɗi take yi, kuma a unguwar an fi sanin kantun nata fiye da sunan mijinta. A Kwandere aka haife ta, gidan manoman riɗi, inda yarinya ke iya rairaye tsakuwa tun kafin ta iya ɗaura zane da kyau. Aure ne ya kawo ta Lafia. Ta zo da ƙwaryar wankinta da kuma wata ɗabi'a da ba ta taɓa rabuwa da ita ba: duk abin da yake ƙwaya, sai ta wanke shi kafin ya shiga bakin mutum. Ko shinkafar kamfani, wadda aka rubuta a jikin buhunta cewa ba tsakuwa, sai ta sha wanki. Ita dai ba ta ga dalilin yarda da inji ba, tunda ba shi da ido.

Mijinta Jafaru tela ne. Tun suna amarya da ango, bayan la'asar take kai masa kantu da sauran ɗuminsa, ya ci yana taka keke. Haka suka tsufa. Sai ciwon suga ya zo masa da hawan jini, likita ya hana shi zaƙi da maiƙo. Jafaru bai yi gardama ba, don shi ba mai yawan magana ba ne. Cin abincin kawai ya daina. Ta yi masa faten acca, ya taɓa ya ture. Ta yi miyar ganye ba mai, ya ce ya ƙoshi. Wandunansa suka fara yi masa yawa, shi da kansa ya zauna ya rage ƙugunsu. Ranar da ta gan shi yana wannan ɗinkin tsoro ya kama ta sosai, ta gane cewa in ba a sami abin da zai ci ba, mutumin nan tafiya zai yi.

'Yarsu Mutmainna tana aiki a wani kantin magani a Jos. Ta daɗe da barin nama da nono da ƙwai, har zuma ba ta sha, abin da uwarta ke kira wahalar da kai da gangan. Ita ce ta aiko da saƙo ta hannun direba: ɗan kwali na wasu jajayen 'ya'yan itace, sitiroberi, da ƙullin wata baƙar ƙwaya. Ta biyo da saƙon murya a waya.

"Mama, wannan ƙwayar sunanta ciya. Ki jiƙa ta a kunun aya, ba suga, ba madara, dabino kaɗan ya isa. Ki sa a firji ta yi kauri, sai ki murtsuke sitiroberi a kai. Amma don Allah kar ki wanke ta."

Juwairiyya ta saurara har ƙarshe. Maganar ƙarshen ta ɗauke ta a ƙiwar 'ya'yan yanzu. Ta kwance ƙullin, ta ga abu kamar baƙin riɗin da bai ƙoshi ba, ta juye rabi a ƙwarya, ta zuba ruwa, ta fara juyawa yadda ta saba. Riɗi in an yi masa haka yakan saki ƙura, yashi ya kwanta a ƙasa. Wannan kuwa sai ya kama hannunta da yauƙi. Ta ƙara ruwa, ya ƙara kumbura. Ta ɗauko rariya, ya ƙi wucewa.

Maƙwabciyarta Ngunan, mai sayar da lemo mai sanyi, ta shigo aron turmi, ta leƙa ƙwaryar, ta ce da 'yar Hausarta ta kasuwa:

"Maman Mutmainna, wannan ƙwan kwaɗo ne ka tara? Abun ya sipoyil fa."

Juwairiyya ma haka ta gani. Ta kai gindin gwaiba ta zubar, sannan ta kira Jos don ta faɗa wa 'yarta cewa an sayar mata da ruɓaɓɓen kaya. Mutmainna ta yi dariya.

"Mama, kin wanke ke nan. Ai wannan yauƙin shi ne abincin. Nawa ya rage?"

"Rabi."

"To shi ke nan abin da muke da shi. Sitiroberin kuma ba zai kai jibi ba a zafin Lafia."

Abin ya yi mata ciwo, ba don asarar ba kawai. A ce ita, da furfurarta, za ta ajiye wa mijinta ƙwayar da ba ta ga ruwa ba. Ta zauna a inuwa da faifai, ta baza sauran a bushe, tana tsincewa da ɗan yatsa har idonta ya fara ruwa. Ta sami ɗan ƙaiƙayi da bai taka kara ya karya ba, wannan ya ɗan kwantar mata da rai. Ta markaɗa aya da dabino, ta tace, ta ɗebi kaɗan daga ƙwayar ta zuba a ciki, ta juya, ta kai wa Ngunan ta sa mata a firji.

Bayan la'asar ta karɓo. Ya yi kauri kamar koko da ya huce. Sitiroberin har ya fara laushi. Ta zaɓi masu kyau ta murtsuke da cokali, jan ruwansu ya gangara ta gefen kofin. Jafaru yana kan tabarma a zaure, keken a rufe. Ya kalli kofin ya daɗe.

"Mene ne wannan kuma?"

"Saƙon 'yarka ne, Malam. Ni dai haɗawa na yi."

Ya ɗebi kaɗan, ya tauna, ƙwayoyin suna ɗan ƙara a haƙoransa. Ya yamutsa fuska saboda tsamin. Ta tsaya a bakin ƙofa tana jiran ya ture kofin. Sai ya sake ɗiba. Bai ɗago kai ba har cokali ya fara kankarar gindin kofi.

"Ba daɗi," in ji shi, yana miƙo mata. "Gobe ki ƙara dabino."

Ta karɓi kofin. Ta shiga ciki ta jiƙa ayar gobe.