Rigunan Matar Sikeli

A sito ana ce masa Sikeli. Tun yana saurayi yake dako, yana sauke kaya daga manyan motoci, har hannunsa ya san abin da ido bai sani ba. Sabon shiga kan yi wayo, ya tsallake ƙaton buhun soso ya rungumi ƙaramin kwali, sai ya tarar ƙusoshi ne a ciki, ya ji a ƙugunsa. Sikeli kuwa ɗan girgiza kaya kawai yake yi ya faɗi nauyinsa. Arziki dai bai yi ba, wa dako ya taɓa azurtawa? Abin da ya samu shi ne ɗaki biyu, 'ya'ya mata da suka watse gidajen aure, da mace mai jiki wadda ya shekara da shekaru yana tsokana wai ko a mota kujera biyu take ci.

Da ciwo ya kwantar da ita, shi ke ɗaukarta daga gado zuwa banɗaki. Sai ta ɓullo da dabara: riga uku, zane biyu, ga rigar sanyi a kai, don kada ya gane yadda ta rame. 'Ya'yan sun ruɗu, maƙwabta har cewa suke ta fara murmurewa. Shi ne fa ba a yi wa haka. Abin yana cin ransa, amma ya ga farin cikin da ya rage mata ke nan, ta zaci ta raba shi da damuwa, sai ya biye mata. Kullum sai ya yi nishi ya dafe ƙugu.

"Uwar yara, ke za ki ƙarasa ni. Me kike ci ne a ɓoye?"

Ta yi dariya, shi kuma ya fita tsakar gida ya share ido.

Wata yamma ya dawo a gajiye, ya wuni yana sauke siminti. Ya sunkuya, jiki ya manta, ya sungume ta da ƙarfin da ya wuni yana ɗaga buhu. Ta tafi sama kamar buhun da aka zazzage, har ya yi taga-taga da baya. Ya tuna ya yi nishin, amma ya makara.

Da ya mayar da ita gado, ta daɗe tana kallon hannayensa.

"Malam, taimaka ka cire min rigunan nan," in ji ta. "Wallahi na daɗe ina shan zafi."