Lambar da Shafa'atu ta maido

Ku sababbin malamai da kuke ganin lissafi aikin bulala ne, bari in ba ku labarin wata Laraba da ban taɓa mantawa da ita ba, lokacin ina riƙe da aji shida a wata firamare a Wurno.

A zango na biyu aka kawo mana wata yarinya, Shafa'atu, daga wani ƙauye a bayan Rabah. Mahara sun watsa garinsu, uwarta da ƙannenta ba a san inda suka faɗa ba. Ƙa'idarmu, yaron da ya zo gudun hijira ba a tambayarsa takardar canjin makaranta, a dubi shekarunsa kawai a ba shi aji. To yarinyar nan ba ta magana, ko sunanta ba ta amsawa. Kawunta da take zaune a gidansa ya gaya wa hedimasta in zango ya ƙare a haka zai cire ta, ta riƙa taya su aikin albasa. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Ranar ana zafi, ajin ya yi lis, ni kaina barci nake ji. Sai na ajiye darasin, na rubuta 142857 a allo. Na ce musu wannan mara ce, ba cika ba, uku na raba ta, tara ma haka, amma ba nan daɗinta yake ba. Muka yi ta sau biyu, ta ba mu 285714. Sau uku, 428571. Alƙaluman nan shida dai, sai su zagaya su canja wurin zama kamar mata a bakin rijiya, babu wanda ya ɓata. Har sau shida haka. Yara suka zuba wa allo ido, ni ma na shagala, ina jin kamar allon ne ke juyawa a hankali.

Da muka yi sau bakwai, sai ga 999999.

Daga bayan aji na ji wata 'yar murya: "Malam, ina sunka tahi?"

Shafa'atu ce. Na san ba alƙaluma kaɗai take tambaya ba. Na ce, "Suna nan ciki, ɗiyata. Taho ki raba da bakwai ki gani."

Ta fito, na miƙa mata alli. Ta daɗe tana yi, ta goge, ta sake, aka buga ƙararrawa babu wanda ya motsa. Ɗaya ya fito, huɗu ya biyo, har bakwai na ƙarshe. Ta bi su da yatsa tana kiran kowanne a fili, sannan ta juyo ta ce, "Duk sun komo."

Na juya baya ina goge gefen allo da ba shi da rubutu, don kada yara su ga idona.

Kawunta bai cire ta ba. Labarin uwarta kuwa, har aka yi mini canjin aiki zuwa Goronyo ban ji ba. Tun ranar na gane malami bai san wace ƙofa darasinsa zai ƙwanƙwasa ba. Shi ya sa in yaro ya yi tambaya, ko ƙararrawa ta buga, ba na ajiye alli.