Rijiyar Gyaɗa

Da lissafin gyaɗa na haƙa rijiyata.

Bayan 'yan bindiga sun tashe mu daga Gidan Goga, wani dattijo a Dakko ya ara mini fili a tsakiyar fadama. Albasa nake so, ruwa babu. Kafaɗata da aka harba ba za ta kai ni ƙasa fiye da gaba takwas ba. In ruwan ya wuce nan, gara in koma dako a kasuwar Mafara.

Ɗan ƙanwata, mai karatun injiniya, ya ce zai gano zurfin ba tare da an sari ƙasa ba. Rijiyoyin maƙwabta sun kewaye fadamar, an san zurfin kowace. Ya ce in ka san gefe, tsakiya ba ta ɓuya. Sai dai kwamfutarsa ba caji.

Ya tara manoma, ya zaunar da mu layi-layi kamar shukar masara. Mu na gefe, kowa ya riƙe gyaɗa daidai zurfin rijiyar da ke bayansa, kowace ƙwaya a madadin gaba guda. Ni uku na samu, don bakin kogi nake. Na tsakiya kuwa, kowa ya dubi na gabansa da na bayansa, na dama da na hagu, ya haɗa nasu, ya raba huɗu, ya riƙe abin da ya fito. A yi ta maimaitawa har hannun kowa ya daina canzawa.

"Na gefe ba ya ƙari, ba ya ragi. Kawu, ka ji?"

"Na ji."

Amma a Dakko ba a ganin baƙo da gyaɗa uku a yi shiru. Na kusa da ni ya zuba mini biyar.

"Haba Malam, mi za ka ci ga wanga?"

Wani ya ƙara. Liman ya aiko da tasa gaba ɗaya. Kogi ya koma tudu, lissafi ya watse. Injiniya ya cire hula ya yarfar, ya juya ga wanda ya fara zuba mini.

"Baba, kawuna ba mutum ba ne yanzu, rijiya ce!"

"Subhanallahi! Kawun naka?"

Na ga filina zai tafi a kan kirki. Na zauna a kan gyaɗata uku, na ɗora sanda a cinya. Kyauta ta tsaya.

Kafin la'asar hannuwa suka lafa. Dattijon da ya ara mini filin, shi ke zaune a inda zan haƙa. Ya buɗe tafi: bakwai.

Na haƙa bakwai, ƙasa busasshiya. Na zagi boko, na ci gaba. A ƙarshen ta takwas, kafaɗa na kuka, laka ta kama ƙafata.

Da na fito, dattijon yana bakin ramin yana sosa gemu.

"Ɗaya dai na taɓa," in ji shi. "Soyayyiya ce."

Ina Dakko har yau. Albasa ta yi. Rabin kwandon farko shi na kai wa, ban haɗa masa da gyaɗa ba.